Ranar da Kwamfutar Umair Ta Kashe Baffana

Kafin wata mai saurin hawaye ta fara yi mini ta'aziyya a ƙasan wannan rubutu, bari in faɗa tun yanzu: Baffana bai mutu ba a ranar. Da rana ma dambu ya ci har ya nemi ƙari. Kwamfuta ce ta kashe shi, kwamfutar ta saurayina ce, kuma ni na danna maɓallin da yatsana mai ɗauke da jan lalle. To ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Zaituna, 'yar Madabo ce ni gaba da baya. Abin ya faru a shekarar dubu biyu da biyu, lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, 'yan siyasa sun fito da manyan riguna suna neman abin da za su ƙaddamar. Duk wanda ya ci zaɓe sai ya yanka ƙyalle a gaban kyamara. In bai samu rijiya ba, sai ya nemi kwamfuta.

Ofishinmu, wanda ba zan kama sunansa ba don har yau muna gaisawa da wasu a cikinsa, an ɗora masa aikin raba magani kyauta ga tsofaffin malaman firamare da suka yi ritaya. Shugaban kwamitin aikin, Honarabul Audu, ya rantse sai an zuba sunayensu a kwamfuta, ko da yake shi kansa in ya riƙe mawus ɗin kwamfuta ɗaga shi yake yi sama yana nuna allo kamar rimot ɗin talabijin. Sashen kwamfuta kuwa mu biyu ne rak: ni da na gama karatun ban daɗe ba, da ogana Malam Ashafa, wani dogon mutum marar fara'a da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya amsa.

Sai kuma Umair. Ɗan Kabara ne, yana da shagon kwamfuta, yana da wata 'yar jar mota da ba ta shiga lungunmu sai dai ya ajiye ta a bakin titi ya tako. A shagonsa muka haɗu, na je sayen tawadar firinta na dawo da ita da kuma ciwon da ba na so in warke. Yana son farar shadda da hula mai ruwan toka, in ya wuce lungu ƙamshinsa kan tsaya ya gaisa da mutane bayan shi ya yi nisa. Shi ya saya mini wayar hannu lokacin da layi ya fi wayar tsada, kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Injiniya, an tashi lafiya? Kin karya?" Nakan karanta sau uku, sannan in ja aji kafin in amsa.

A gida, wadda ta fi ni son Umair ita ce Gwaggo 'Yardada, yayar Baffa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Ummana. Sau ɗaya ya gyara mata rediyo, batir ne ma kawai aka sa a juye, daga ranar ya zama waliyyi. Da manyansa suka kawo gaisuwa, ita ta matsa a yi bincike da wuri a wuce wurin. Kun san al'adarmu, ba a ba mutum 'ya sai an tura wani babba unguwarsu ya tambayi halinsa wurin waɗanda ba su da riba a ciki: liman, maƙwabci, mai shagon da yake cin bashi. Aka tura Kawu Ilu, ƙanin Ummana, mutumin da bai taɓa wuce tayin abinci ba a rayuwarsa.

Ya dawo bayan la'asar yana sakace haƙori.

"Yaro dai ba shi da aibu," in ji shi. "Na samu wani dattijo a ƙofar masallaci, kamili, na tambaye shi. Ya ce shi dai tun da aka haifi yaron nan bai taɓa ganin ya yi abin assha ba. Har gida ya ja ni, aka kawo funkaso da miyar taushe."

Baffa ya rage sautin rediyonsa. "Wane ne dattijon?"

"Ashe mahaifinsa ne. Ka ga kuwa wa ya fi shi saninsa?"

Na shige ɗaki na cusa kaina a filo don kada a ji dariyata. Gwaggo ta ce bincike ya yi kyau, Allah ya yi wa Ilu albarka. Baffa ya mayar da sautin rediyonsa. Aka tsayar da wata Asabar da manyan Umair za su dawo a sa rana.

Ana saura 'yan kwanaki sai Malam Ashafa ya ajiye mini fayil a tebur. Kamfanin da Honarabul ya zaɓa ya kawo mana rumbun da za a zuba sunayen malaman, na Umair ne. Kuma kafin a karɓa sai an yi masa gwaji ranar Alhamis, ni ce mai gwajin, ni ce mai sa hannu.

Bari in yi muku bayani kaɗan, kada ku gudu. Rumbun bayanai, wanda mu 'yan kwamfuta muke ce wa databes, wuri ne da ake zuba sunaye da ranaku da sauran tarkace. Amfaninsa ɗaya ne, ka yi masa tambaya ya ba ka amsa. Akwai yaren da ake tambayarsa da shi, sunansa SQL, kuma masana daga ƙasashe daban-daban sun zauna sun yi wa yaren ƙa'ida, suka buga ta a littafi mai kaurin da za a iya danne murfin tukunya da shi. Manufar ita ce, ko rumbun wane kamfani ka saya, in ka yi tambayarka bisa ƙa'ida amsa ɗaya za ka samu. In gobe mai rumbun ya yi fushi, ko ya tsawwala, ko ya riga mu gidan gaskiya, sai ka kwashe bayananka da tambayoyinka ka koma wani rumbun, ba abin da ya yi maka zafi. Kamar kwanon awo ne a kasuwar Rimi. Kowace mai gero za ta rantse miki kwanonta cikakke ne, amma wadda ta san kanta da nata kwanon take zuwa. Namu kwanon shi ne tambayoyin gwaji da ni da Malam Ashafa muka tsamo daga littafin nan, waɗanda mun riga mun san amsarsu. Rumbun da ya amsa daidai a ba shi takardar shaidar cika ƙa'ida, wanda ya yi kwana kuma ya koma inda ya fito.

Na bi Malam Ashafa har ofishinsa.

"Malam, ka san fa wane ne mai kamfanin nan a wurina."

"Na sani."

"To ka yi gwajin da kanka mana."

"Honarabul ya ce ke yake so. Kin san dalilinsa, ni ma na sani." Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Zan zauna kusa da ke."

Ranar Laraba bayan la'asar Umair ya zo zance. Na shimfiɗa masa darduma a soro, na kawo zoɓo mai sanyi a jug ɗin da Gwaggo ba ta fito da shi sai don shi. Na sa atamfata mai ganyen kore, na yafa mayafi ruwan madara, na yi kamar dai haka nake zama a gida kullum. Ya sha zoɓo, ya yabi kwalliyar, sannan ya zaro filofi, ɗan faifan da ake ajiye bayanan kwamfuta a lokacin, daga aljihun gaba ya ajiye a gabana.

"Ranki ya daɗe, ga tambayoyin da za ki yi wa rumbun gobe."

"Namu fa?"

"Naku na littafi ne. Shi yana da yadda yake so a tambaye shi."

"Kamar Gwaggo kenan."

Ya yi dariyar nan tasa da take sa ni manta abin da nake shirin faɗa. Sai ya buɗe jaka ya fito da wani satifiket a cikin firem, da tambarin ruwan zinare kamar na gasar karatu. Da Turanci an rubuta cewa wannan rumbu ya cika duk wata ƙa'ida ta duniya. Na duba ƙasa inda aka sa hannu.

"Wa ya ba da wannan?"

"Kamfanin da ya ƙera shi mana. Wa ya fi su saninsa?"

Wallahi sai da na ji ƙamshin funkaso da miyar taushe. Na danne dariyar, don na ga fuskarsa ba wasa a cikinta.

"Zaituna, ke karatu kika yi, ni kasuwa na yi," ya ce, ya rage murya. "In na ba su abin da kowa zai iya taɓawa, baɗi wani yaro zai zo da farashi mai sauƙi ya karɓe aikin. Amma in ni kaɗai na san bakinsa, duk sanda suke son amsa sai sun neme ni. Kuma me ye aibu a ciki? Ina nan, ina zan je? Da aikin nan zan rufa ɗakin da zan sa ki."

Zan faɗa muku gaskiya, maganar ta shige ni. Ina son mutumin nan so mai sa mutum wauta, irin wanda in ya ce rana daga yamma take fitowa zan ce wataƙila a Kabara haka ne. Na ɗauki filofin na jefa a jakata. Ban ce zan yi amfani da shi ba, ban kuma ce ba zan yi ba.

Ina shiga gida na yi karo da Gwaggo a bayan ƙyaure. Gwaggo ba ta laɓe, kawai dai iskar bayan ƙyaure ta fi mata daɗi duk ranar da na yi baƙo.

"Ke, zo nan. Sa hannu ne fa kawai aka ce ki yi."

"Gwaggo, sai an gwada tukuna."

"A gwada me? Ni nan da kike gani, takardun da na dangwala wa yatsa ban san abin da ke ciki ba sun fi gashin kanki yawa, ga ni ban mutu ba. Ki kunyata mutumin da zai aure ki a gaban maza? A Madabo? Na riga na soya alkaki cike da kwalla, na aika an faɗa wa danginmu na Ƙofar Mazugal. In kika ja mini abin magana, ni da ke ne."

Ta zaunar da ni a kan turmi ta ƙunsa mini lalle hannu da ƙafa don shirin Asabar, tana ƙunsawa tana yi mini wa'azin biyayya, har ta kawo misali da wata Hasana da ta yi wa saurayinta gardama a kan kalar labule, yau ga ta can tana koyar da 'ya'yan wasu. Baffa yana gefe a kan kujerarsa ta roba, kwalin maganin hawan jininsa a kusa da ƙafarsa. Shekara da shekaru ya yi yana koyar da lissafi a firamare, sunansa na cikin waɗanda za a zuba a rumbun. Sai da Gwaggo ta tashi ɗebo ruwa sannan ya yi magana.

"Gwajin nan, kowa ake yi wa?"

"Kowa, Baffa."

"To."

Iyakar abin da ya ce kenan. Mutumin nan in ya ce "to" sai ka kwana kana juya ta.

Alhamis da hantsi aka taru a ɗakin taro. An ɗauke wuta kamar kullum, janareta na ta ɓaɓatu a bayan taga. Honarabul Audu ya zo da mutanensa sun cika kujerun gaba, an jera musu lemon kwalba, har da mai kyamara. Umair ya haɗa kwamfutarsa da babban allo, sanye da shadda sabuwa fil, ya kalle ni ya ɗaga gira kaɗan yadda ni kaɗai zan gani. Malam Ashafa ya ja kujera ya zauna a damana kamar yadda ya yi alkawari. Jakata tana kan cinyata, filofin Umair a ciki. Na sa hannu na taɓa shi, na ji idon Malam Ashafa a gefen fuskata ko da yake takarda yake kallo. Na zaro hannuna ba komai, na jawo namu tambayoyin.

Ta farko rumbun ya amsa daidai. Ta biyu ma haka. Kawo malaman da suka koyar a unguwa kaza, ya kawo. Jera su bisa shekarar ritaya, ya jera. Na fara jin sanyi a raina, har na fara tunanin kalar ankon da zan fitar. Na ce ashe tsoron banza nake ji, ashe mutumina ya fi bakinsa kirki.

Sai muka zo kan tambayar da dukan aikin ya rataya a kanta: kawo sunayen malaman da suke raye. A rumbun akwai gurbin ranar rasuwa. Wanda ya rasu a rubuta ranar, wanda yake raye a bar gurbin ba komai. Ƙa'ida ta ce gurbin da ba komai a cikinsa ba sifili ba ne, ba kuma wata rana ba ce, babu ne kawai, har suna gare shi, NULL. Don haka na rubuta tambayar yadda duk wanda ya shiga ajin kwamfuta zai rubuta ta: kawo duk wanda gurbin rasuwarsa babu komai. Na danna.

Allo ya ce babu ko mutum ɗaya.

Na ce ko yatsana ne ya zame. Na goge na sake rubutawa a hankali, Malam Ashafa yana bin kowane harafi. Na danna. Babu ko ɗaya.

Na nemo sunan da na fi sani a duniya, Malam Salihu Madabo, na buɗe shi a babban allo. Ga makarantar da ya koyar, ga shekarar da ya yi ritaya, ga maganin da yake sha. A gurbin ranar rasuwa kuwa an rubuta ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara cif. Wato Baffana ya rasu tun kafin Turawa su shigo Kano, ya kuma daure ya dawo ya haife ni.

Rumbun Umair ba ya jure ganin gurbi a buɗe. Duk inda aka bari ba komai, sai ya cusa wannan tsohuwar ranar ya yi shiru da bakinsa. Na buɗe suna na gaba, shi ma ranar ya mutu. Na gaba ma haka. Duk malaman da ke raye rana ɗaya aka yi musu jana'iza.

Wani daga cikin mutanen Honarabul ya ce, "Inna lillahi," da gaske, don shi bai gane ba. Na kusa da shi ya tuntsire da dariya har lemo ya sarƙe shi.

Umair ya taso da murmushinsa, ya ce, "Ƙaramin abu ne, Honarabul." Ya sunkuyo ta kafaɗata, turarensa ya rufe ni, ya rubuta wata tambaya da wasu alamomi da ban taɓa gani a kowane littafi ba. Ya danna. Sunaye suka zubo, Baffana a cikinsu.

Honarabul ya tafa. "To ai ga su nan sun tashi. Malama, sa hannu mu je, ina da wani taron."

Malam Ashafa ya yi gyaran murya. "Honarabul, sun tashi ne don Malam Umair yana ɗakin. Ranar da ya yi tafiya, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ma'aikaciyar asibiti za ta yi tambayar yadda aka koya mata a makaranta, amsar farko za ta samu. Kuma ba a ba mamaci magani. In kuma wata rana aka so a kwashe sunayen nan a kai wani rumbun, a matattu za su isa can."

"Kai dai Ashafa ba ka son a ci gaba," in ji Honarabul. "Ba kai ne mai sa hannu ba. Malama ce, kuma na ji ashe abin ma na gida ne."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, da mayafina da lallena da komai. Umair bai koma kujerarsa ba, yana nan a sunkuye kamar yana gyara waya a bayan kwamfutar. Ya yi magana can ƙasa, ba tare da ya kalle ni ba.

"Zaituna, jibi ne fa sa ranarmu."

Kun san abin da na yi? Na ci gaba da gwajin. Ba jarumta ba ce, hannuna ne kawai ya rasa abin yi sai ya bi takarda. Na yi sauran tambayoyin har ƙarshe, ya ci wasu ya faɗi wasu. Da na gama aka turo mini takardar shaidar da biro. Akwai layi biyu, ɗaya na cewa ya cika ƙa'ida, ɗaya na cewa bai cika ba. Na kalli lallen hannuna da Gwaggo ta ɓata yammacinta a kai. Na tuna kwalin maganin da ke kusa da ƙafar Baffa. Na ja layi a ƙarƙashin na biyun na sa hannu, sa hannun ya fito a karkace kamar na 'yar aji ɗaya.

Mai kyamara ya sauke kyamararsa. Honarabul ya sha mur ya miƙe, rigarsa ta kwashe kwalbar lemo. Malam Ashafa ya bi shi har ƙofa yana magana a hankali, daga ƙarshe na ji Honarabul ya ce to, a ba shi zuwa bayan Sallah ya gyara a sake gwadawa, kuma wannan dai Malamar mai taurin kai ita za ta sake.

Umair ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa satifiket ɗinsa mai ruwan zinare a jaka. Da ya zo wucewa ta gabana ya ɗan tsaya.

"Na gode, Malama Zaituna."

Tun ranar da na sayi tawadar firinta bai taɓa ce mini Malama ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Labari a cikin ganuwa ba ya jiran mota. Kafin in iso gida ya riga ni. Gwaggo tana tsakar gida ta ɗaure ƙugu da ɗankwali.

"Sannu da zuwa, gwamnati. An ce kin kashe ubanki a gaban jama'a, kin juyo kin kashe aurenki. Sauran wa? Ni ce?"

"Gwaggo, ba ni na kashe shi ba, ni ce ma na..."

"Rufe mini baki. Mutum ya nuna ya tashe su, kowa ya gani, ke kaɗai ce mai ido?"

Kawu Ilu, wanda ya zo duba ko alkakin ya yi, ya ce shi zai koma Kabara ya ba da haƙuri, ai sun saba da dattijon. Baffa ya ce ya zauna. Daga nan Gwaggo ta daina yi mini magana, sai dai ta gaya wa kaza abin da take so in ji.

Ranar Juma'a da safe wayata ba ta yi ƙara ba. Na duba ko cajinta ne, na duba ko layi ne, na fita tsakar gida na ɗaga ta sama kamar mai neman wata. Da azahar na ajiye ajin gaba ɗaya na tura masa: "Ka ci abinci?" Saƙon ya tafi. Na yi masa filashin, ta yi ƙara ɗaya na kashe. Har rana ta faɗi ba abin da ya dawo.

Amma kuma ba wanda ya aiko daga Kabara ya ce an fasa. Don haka ranar Asabar aka share soro aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa manyan tabarmi, aka kunna turaren wuta. Gwaggo ta jera alkaki da nakiya a faranti tana ƙunƙuni, amma ta jera su da kyau. Baffa ya sa aka buɗe akwati aka ɗauko babbar rigarsa mai aska biyu, wadda bai sake sawa ba tun ranar da ɗalibansa suka yi masa walimar ritaya. Ta yi masa yawa yanzu, ya rame a cikinta. Bayan la'asar ya zauna a soro, shi da Kawu Ilu da wasu dattawan maƙwabta, suna jiran baƙi.

Ni ina ɗaki a bakin gado da leshi ruwan hoda da sarƙar Ummana, kunnena yana kan lungu. Duk takun da na ji sai zuciyata ta buga. Mai ruwa ya wuce. Masu dawowa daga islamiyya suka wuce. Hirar soro ta fara da ƙarfi, a kan siyasa da tsadar taki, sannan ta riƙa raguwa. Can na ji wani dattijo ya ce bari ya je ya duba jikarsa ba ta da lafiya. Wani ya tuna yana da baƙo. Kawu Ilu ma, wanda ba ya barin faranti da sauran abu a ciki, ya tashi ya bar alkakin yadda aka kawo shi.

Aka kira magariba. Baffa ya je masallaci da rigar, ya dawo da ita, ya koma ya zauna a inda ya tashi. Sai na ji ya kira sunana.

Na same shi shi kaɗai a tsakiyar tabarmin nan masu faɗi, turaren wutar ya mutu. Na durƙusa daga gefe. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba, ganin tsohon nan ya yi ado don ni ya zauna a gaban maƙwabta ba wanda ya zo.

"A cikin kwamfutar, ni kaɗai na mutu?"

"Duk ku ne, Baffa."

"Har malamina na Ƙofar Mazugal, wanda ba ya gani sosai?"

"Har shi."

Ya gyaɗa kai. Ya kalli ƙofa.

"Da babu sunana a ciki, da kin sa masa hannu?"

Na so in ce a'a da ƙarfi, irin amsar da ake so 'yar malami ta bayar.

"Ban sani ba, Baffa."

"Kina son yaron?"

"Ina sonsa."

A nan hawayen suka ƙwace mini, kwallin da na ɓata lokaci a kansa ya gangaro har kan leshin. Baffa bai rarrashe ni ba, ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango, ya cire babbar rigar ta kansa, ya rage daga shi sai 'yar shara. Ya ninke ta a hankali, hannu bisa hannu, ya ɗora mini a kan hannuwana.

"Kai wa Gwaggonki ta mayar akwati."

Na tashi, na kai bakin ƙofar shiga gida, sai ya sake kiran sunana.

"Ki ce mata ta sa ta daga sama-sama, inda za a yi saurin ɗauko ta."